Yadda za ka yi tsokaci a kan zanen wani ba tare da ka karya masa gwiwa ba

Kwanakin baya na zauna da wasu matasa masu zana jaruman katun na Japan, irin su Naruto wanda Masashi Kishimoto ya fara fitarwa a 1999, muka tattauna yadda ya kamata mai kallo ya yi magana a kan aikinsu.

Abin da suka fi nanatawa shi ne, "ya yi kyau" kaɗai ba ya ƙara wa mai zane komai. Ka ambaci abin da ya ɗauki hankalinka: layuka ukun nan na kowane kuncin Naruto, ko yadda inuwa ta kwanta a dama saboda haske daga hagu yake zuwa. Nan ne mai zane zai san ka duba da gaske.

Batun gyara ya fi ɗaukar lokaci. Kafin ka ce kan jarumin ya yi girma, ka gane salon tukuna. Tsayin babban mutum kusan tsayin kansa sau bakwai da rabi ne, amma a salon chibi, wato na ƙaramin jiki da babban kai, sau biyu ko uku ne, kuma da gangan ake yi. Na sha ganin an kushe yaro a kan haka, abin na damuna. Hannu da yatsu su ne suka fi wahalar da masu koyo, don haka in za ka taɓa su, ka tambaya ko yana son shawara, ka kuma tura masa shi kaɗai.

Wata a cikinsu, mai zane da manhajar ibisPaint a waya, ta roƙi a daina yanke sa hannunta idan za a yaɗa zanen a Facebook.