Zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa

Ɗan Tasha: Jama'a ku raba mu. Jiya muka yi musu da yayana a kan jam'iyyar Rifablikan ta Amurka. Na ce tsintsiya ce: a zaɓen shugaban ƙasa na 1980 ɗan takararta Reagan ya ɗaure attajirai masu neman a rage haraji, da fastoci irin su Jerry Falwell, da fararen fatar kudu waɗanda suka fara guje wa Dimokurat tun dokar 'yancin baƙar fata ta 1964, ya cinye jiha 44. Yaya ya ce ina, zaman 'yan marina ne kawai. Zagi ne ko yabo?

Malamin Firamare: Zagi ne mana. Attajiri aljihunsa yake kallo, fasto batun zubar da ciki. Inuwa ɗaya, alƙibla daban.

Uwar Biyu: Malam, a yi haƙuri. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ta shekara ashirin tana tallar fura a marinar Ƙofar Mata. Ta ce gaskiya kowa raminsa yake kallo, akwai ma biyu da ko gaisawa ba sa yi saboda rikicin toka. Wata rana akuyar maƙwabta ta zurma ramin baba. Su biyun nan ne suka ciro ta, ɗaya ya kama ƙaho, ɗaya ƙafa. Ta fito shuɗiya, wata guda yara na binta suna kiranta Hajiya Shuni. Washegari kowa ya koma ya juya wa ɗan'uwansa baya. Kullum Inna takan ce mai gaba daban ba maƙiyi ba ne.

Direban Kurkura: Namu na gida fa? Akwai wanda ya sauya sheƙa sau uku, amma gabansa ɗaya ne tun fil azal: wajen tukunya.

Malamin Firamare: Kada ka ja mana, ɗan'uwa.

Baƙon Bronx: Ni abin da ya ɗaure min kai zaɓen 2024 ne. Dearborn, garin Larabawa a jihar Michigan, Trump na Rifablikan ya zo na ɗaya saboda fushin yaƙin Gaza. Wannan ai in kiɗa ya canza ne, ba marina ba.

Ɗan Tasha: Kun kawo sabuwa, ba ku raba mu ba. Kwalbar lemo muka sa da Yaya.

Direban Kurkura: Ba shi lemonsa. Hajiya, ina akuyar ta ƙare?

Uwar Biyu: Layya aka yi da ita. An yi ta musu wa zai ɗauki fatar.