Edita ko éditeur: wane suna za mu sa wa wane aiki?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina neman kalmar Hausa ta editor, kuma ina so mu kashe maganar kafin Litinin, don aiki na jira a maɗaba'a.

Ga mafarin zancen. Ƙungiyarmu ta shirya wani ɗan littafin yaƙi da jahilci a nan Yamai, Faransanci a hagu, Hausa a dama. A shafin farko an rubuta éditeur da sunan kamfanin da ya ɗauki nauyin bugu, sai mai fassara ya sa "edita" a ɓangaren Hausa. Ita kuwa yayata, wadda ta yi sati uku tana bin rubutun layi-layi, tana mai da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, tana raba "ta ce" da "tace", ko'ina sunanta bai fito ba. Mutumin da bai karanta ko shafi guda ba shi ya zama edita.

Ban ga laifin mai fassara sosai ba. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, daga wata kalmar Latin mai nufin fitarwa, amma kowace ta kama hanyarta. A Faransanci éditeur shi ne mai fid da littafi kasuwa, kamar Gashingo a nan Yamai. A Ingilishi editor shi ne mai zama kan rubutun kansa, ya rage, ya ƙara, ya ce wannan ya shiga wancan ya jira. Hausar Najeriya ta ari ta Ingilishi, mu kuma lakwal, wato makarantar boko, ta cusa mana ta Faransanci a kunne, shi ya sa in ɗan Yamai ya ji "edita" sai hankalinsa ya tafi wurin mai kamfani. To me za mu ce?

Wani malamin lakwal daga Tawa:
Wa alaikumus salam. Ni dai tun muna yara abin da munka ji a rediyo shi na edita, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba. Kalmar ta tsufa cikin Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma shafin wasiƙu zuwa ga edita sananne na ga duk mai karatun jaridar Hausa. Kalmar da ta yi jam'i, editoci, ta zama ƴar gida. Ku bar ta inda take.

Mai tambaya:
Na gode Mushe (monsieur, wato malam). Ban ce a kore ta ba, a gidan jarida ta zauna daram. Wanda ake ce wa rédacteur en chef a jaridar Le Sahel ko rediyon Voix du Sahel, "babban edita" ya ishe shi, ba wanda zai nemi ƙarin bayani. Matsalata ita ce editor ɗin nan tabarmar kowa ce. Mai shugabantar ɗakin labarai editor ne, mai gyaran littafi editor ne, yaron da ke yanka bidiyon biki a CapCut editor ne, har manhajar da ake rubutu cikinta a kwamfuta haka ake kiran ta. Faransanci ya raba su, yana da rédacteur da correcteur da monteur. Don me mu za mu cusa su ɗaki guda?

Wata ma'aikaciyar rediyo, Yamai:
Ƙanena, a wurin aikinmu ba mai cewa edita ga mai haɗa sauti. Montaj muke cewa, "an gama montaj?", shi ke nan. In kuma da Hausa tsantsa zan gaya wa masu saurare, sai in ce wanda ya haɗa shirin. Ga rubutu kuwa ni "mai tacewa" nake so. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san aikin: ba ki ƙara komai, dusa kawai kike fiddawa, abin sha ya sauka ƙasa.

Wani ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni:
Anti, a yi hattara da tace. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai, kuma aikinta dubawa ne ta hana ko ta bari. In ka ce "an tace labarin", wani zai ji kamar an cire abin da manya ba su so. Me zai hana mu ƙera magyari daga gyara, kamar yadda muke da marubuci da maɗinki? Ko a Wikipedia ta Hausa maɓallin da ake dannawa "Gyara" aka rubuta masa.

Mai tambaya:
Wannan magana ta tsaya mini. Gaskiya ne tace tana da fuska biyu, kuma ɗan jarida ya fi kowa sanin ta biyun. Amma na gwada magyari a baki, na ce wa yayata "ke ce magyariyar littafin", ta tambaye ni ko keke na mai da shi. Gyara ta yi faɗi da yawa. Makanike gyara yake, mai awo in ya ƙara maka ɗan hannu gyara ne, kuma kalmar na nuna akwai abin da ya lalace. Alhali rubutu mai lafiya ma yana bi ta hannun edita. Na kuma gwada mataci, sai na ga a rubuce ba ka bambanta mutum da ƙyallen da ake tace koko da shi. "Mai tace rubutu" ya fi, don da zarar ka ambaci rubutu, hukuma ta fita daga zancen. Gyara kuma mu bar wa maɓalli da manhaja, can ta dace: manhajar gyara rubutu, manhajar gyara hoto.

Malamin Tawa:
To shi mai kamfanin hwa? Kada ku ce mawallafi. Na ga ana sa shi haka, amma ga malamanmu na zaure mawallafi shi na wanda ya wallafa littahi, wato mai shi, daga Larabci munka samo ta. In kunka ba kamfani wagga kalma kun ƙwace wa marubuci rigarshi kamar yadda anka ƙwace wa yayarka tata.

Mai tambaya:
Allah shi biya Mushe, ka taɓo inda ban duba ba. Da na gudu daga wani rami na faɗa wani. Jaridu da yawa na amfani da "wallafa" da ma'anar bugawa, har "ya wallafa a shafinsa na Facebook" ake cewa, kuma ba ni da ƙarfin tare wannan ruwa. Amma a shafin farkon littafi, inda kowane suna ke da haƙƙinsa, gara a kauce mata. Maɗaba'a ma ba ta cika ba, don ita wurin inji ce, imprimerie, kuma sau da yawa mai inji daban, mai ɗaukar nauyi daban.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, irin waɗannan shafuna za su yi ta zuwa hannun masu fassara, kuma yawancinmu daga Faransanci za mu riƙa juyowa. Duk wanda ya ci karo da éditeur ya tsaya ya tambaya: mutumin nan ya taɓa rubutun da alƙalami, ko kuɗi da suna ya sa?

Ma'aikaciyar rediyo:
Ka gaya wa yayarka ta shirya, marubuta ba su son mai tacewa ranar farko. Ta riƙa tuna musu gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mai tambaya:
Ta riga ta sha wannan, Anti, akwai wanda ya yi kwana biyu bai gaishe ta ba kan sakin layi ɗaya. Ga abin da zan aika maɗaba'a: "Rubutawa" da sunan marubuta, "Tace rubutu" da sunanta, "Bugawa da yaɗawa" da sunan kamfani. Edita ba ta shiga shafin ba sam, na bar wa gidan jarida abarsa. Ɗalibi, magyarinka ban jefar ba, in ya kama bakin mutane zan bi. Saura mai zanen hotuna, shi ma an sa masa "mai hoto" kamar da kamara ya yi aikin, gobe in Allah ya kai mu sai mu duba tasa.