Ɗana mai shekara 14 ya canza, ta ina zan fara?

Wata uwa daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Ɗana na fari shekararsa 14, yana JSS 3. Tun bayan babbar sallah ya zama wani daban. Ya daina zuwa hadda, sallar Asuba sai an yi ta fama, kuma yana kaiwa ƙarfe goma na dare a majalisar wasu samari da suka girme shi a bakin layinmu. Ya yi wani aski da ban gane kansa ba. Duk abin da na ce sai ya ce "ni fa ba yaro ba ne." Babansa ya zane shi sau biyu, abin sai gaba ya yi, yanzu ko hira ba ya yi da mu. Ba na so ya lalace, ba na kuma so faɗa ya kore shi daga gida.

Malamar ba da shawara a sakandare, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar nan tasa ta "ni ba yaro ba ne" ita ce bakin zaren. A shekarun nan yaro yana laluben ko shi wane ne, kuma duk inda aka ɗauke shi babba, can zai tare. Majalisa ta ba shi wannan matsayi, gida bai ba shi ba. Ga shi ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai auna ƙarshen abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Jikin babba, birkin yaro.

Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma lokacin da ya yi laifi ba. Ku tsayar da dokoki uku kacal: sallah a kan lokaci, dawowa gida da an idar da Isha'i, da faɗin gaskiyar inda za shi. Ku faɗi hukuncin karya kowacce tun yanzu, misali karɓe waya na kwana biyu, kuma kada ki sassauta ko ki ƙara don fushi. Inda iyaye ke kuskure shi ne dokoki ashirin, yau a hukunta gobe a manta, sai yaro ya koyi karanta fuskar uwa maimakon bin ƙa'ida.

Sai ki damƙa masa amana ta gaske. Cefanen Asabar a kasuwar Tudun Wada ya zama nasa: ki rubuta masa kaya, ki ba shi kuɗi, ya dawo da canji da lissafi. Kuɗin kashewarsa ki ba shi na mako gaba ɗaya ran Lahadi. In ya ƙarar ran Laraba, kada ki cika masa, ya ɗanɗani kwana ukun. Askin kuwa ki ƙyale shi tukuna.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Doka:
Malama ta yi magana mai kyau, amma a kan aski ina da gyara. In irin wanda ake aske wani sashe na kai a bar wani ne, hadisi ya hana. A gaya masa da hujja, sau ɗaya, a keɓe. Abin da ba za a yi ba shi ne a kama shi a yi masa ƙwal-kwabo a gaban jama'a, kunyar nan ba ta barin zuciya.

Batun hadda, ki bincika dalili kafin ki tilasta. Sau da yawa an bar saurayi ne a aji ɗaya da 'yan shekara tara, ko ana dukansa a gabansu. A mayar da shi ajin sa'o'insa, a rage masa zuwa rabin shafi kullum, ya riƙe da kyau ya fi shafi biyu da zai zube. Babansa ya riƙa tafiya masallaci tare da shi, su bi wasiyyar Luƙman ga ɗansa, Suratu Luƙman aya ta 13 zuwa ta 19, aya ɗaya a mako.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Hajiya, Asubar nan matsalar barci ce. Mai shekarunsa yana bukatar awa 8 zuwa 10, wanda ya kwana da waya kuwa ba zai samu ba. Waya ta kwana a ɗakinki daga ƙarfe tara da rabi, har da ta sauran yaran, don kada ya ga shi kaɗai aka sa wa ido.

Majalisar manyan samarin ce ta fi damuna. Ki lura da jan ido, magana tana jan baki, barcin rana mai nauyi, yawan susa, ɓacewar kuɗi, kwalaben maganin tari ko fankon tiramol a aljihu. Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, amma har yau ana samu a ɓoye. In kin ga alama biyu ko uku tare, ku kai shi asibitin koyarwa na Shika, Zariya, sashen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Kada a ɗaure shi, kada a yi shela a dangi.

Tela, cikin gari:
Hana shi majalisa ba tare da an ba shi wurin zuwa ba aikin banza ne. A kai shi koyon sana'ar da shi ya zaɓa, ɗinki, gyaran waya ko walda, kwana uku a mako daga La'asar zuwa Magariba. Babansa ya je da ƙafarsa ya ga ogan, ya karɓi lambarsa, ya duba su wa ke zama a shagon, don wani shagon ma majalisa ce. Watannin farko shara da aike da guga ne, nan yara ke gudu, a gaya masa tun farko. Jarrabawar JSS 3 in ta matso, a rage zuwa Asabar kaɗai.

Uwar yaron:
Allah Ya saka da alheri. To babansa fa? Shi gani yake duka ne kawai magani.

Malamar ba da shawara:
Kada ki musa masa a gaban yaron. Ki nemi kawun yaron ko wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa ya yi masa magana, a roƙe shi ya ajiye bulala na wata biyu a gwada wannan tsari. Ki kuma bar wa maigidan bayyana dokokin ukun da bakinsa, ke kina zaune a gefe.