Zan je Shenzhen sarin kayan waya, yaya zan yi da layina?

Mai gyara, Tawa: Assalamu alaikum. Shekara 9 nake gyaran waya, gilashi da batir daga Yamai nake saye, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Bana ina son in leƙa kasuwar kayan waya ta Huaqiangbei a birnin Shenzhen na ƙasar Sin da kaina. Layina na nan zai yi aiki can?

Alhaji, Yamai: Ƙanena, zai yi, amma kuɗinka zai sha kamar ruwa. WhatsApp a toshe yake a Sin. Ka saka WeChat da Alipay tun kana gida, da su ake ciniki har na shayi.

Hajiya, Wadata: Ɗana, kowane gilashi ka sa a gwada a gabanka. Na taɓa dawowa da kwali guda, rabi ba ya taɓuwa.

Mai gyara: Na gode, Hajiya, Allah ya saka.