Wai mutuwa ce ke ba rayuwa daraja?

Baban Ilham: Salam jama'a. Yanzu muka dawo daga maƙabartar Dandolo, maƙwabcinmu muka kai, jiya bayan la'asar muna zaune yana ta lissafin kuɗin bulo wai zai ƙara wa yara ɗaki, yau kafin azahar an rufe shi. A hanya nake ce wa abokina da ba a mutuwa da rayuwar nan ba ta da wata daraja, ya ce surutu nake. To ku raba mu.

Malam Sani: Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ai aya ta 2 a Suratul Mulk ta gama magana, an halicci mutuwa da rayuwa ne don a jarraba mu a ga wa ya fi kyawun aiki, kuma ka lura mutuwar aka fara ambata. Jarrabawar da ba a cewa kowa ya ajiye biro ai ba jarrabawa ba ce.

Abba Tela: Malam gaskiyarka wlh, ni nan in ba sallah ta matso ba yadin mutum sai ya yi wata uku a shago ban ko kalle shi ba 😂

Maman Sadiq: Ni dai ku yi haƙuri ban yarda ba. Yarinyata shekararta 3 zazzaɓi ya ɗauke ta, kuma tun tana raye tana ɓoye min takalmi a cikin tukunya na san darajarta, ba sai da aka naɗe ta a likkafani na sani ba. Mutuwa ta raba ni da ita ne kawai, ba abin da ta ƙara mata. Na yarda da ƙaddara, amma kar a ce min rashinta ne ya sa take da tsada.

Malam Sani: Allah ya sa mai ceto ce Hajiya. Ba haka nake nufi ba, lokacin da ke hannunmu nake cewa.

Usman Kwari: Malam lokacin ma wa ya damu da shi? Ku tuna Afrilun 2020 a Kano, ga kulle ga azumi ga gawa ana ta shiga da ita har masu haƙa suka gaji, kowa ya yi laushi ana ta neman yafiya a waya, wata biyu ba a yi ba aka koma rigimar gado da cin bashi. Yanzu ma ka je jana'iza ka gani, ana zuba ƙasa wani yana gefe yana cinikin fili.

Abba Tela: Kuma in ƙurewar lokaci ce daraja to Annabi Nuhu da ya yi shekara 950 cikin mutanensa fa? kenan tasa ta fi tamu araha? na janye maganar sallah

Baban Ilham: Kai Abba ba ka da tsayayyen gefe. Maman Sadiq maganarki ta tsaya min a rai, wataƙila darajar tana nan dama, mu ne ba ma dubawa sai an ɗauko makara. Sadakar uku dai ranar Laraba ce ga mai hali, za ku gane gidan, bulon na nan jibge a ƙofa, a kai ma yaransa ke zama suna karɓar gaisuwa.