Babur mai ƙafa huɗu na aikin gona: me zan duba kafin in biya, me zan fara ɗaura masa?

Manomin Lagdo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan babur mai ƙafa huɗu, wanda ake ce wa kwad. Sabo nake so in saya, mai injin 400 zuwa 500cc, don aikin gona a wajen Lagdo: kai taki, jan 'yar tirela ta buhunan masara, da feshin auduga. Da damina hanyar laka ce, da rani kuma rairayi da ƙaya. Wani dillali a Garwa ya nuna mini guda biyu, ɗaya mai bel da ke canza giya da kansa, ɗaya mai giyar ƙafa, kuma yana so in haɗa da winci, wato na'urar igiyar ja, da doguwar fitilar LED, da manyan tayu, da tankin feshi mai lita 100, wai sai ya yi mini ragi. Me zan duba a jikin babur ɗin kafin in miƙa sefa? A kayan ƙarin nan kuma, wanne ne dole, wanne ne ado?

Bakaniken Marwa

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku taɓa makulli, ku ce wa dillalin ya ɗauko muku abu huɗu daga kantinsa ku gani da ido: bel, filtar iska, filtar baƙin mai, da robar da ke rufe gaɓar sandar taya. Idan ya ce sai an yi oda daga Duwala, to ku sani ranar da bel ya tsinke a tsakiyar watan Agusta haka za ku zauna kuna jiran mota. Babur ɗin da kayan gyaransa ke kusa ya fi wanda ya fi shi ƙarfi.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, an buga su a jikin ƙarfen firam, yawanci ta gefen hagu ƙasa-ƙasa. Ku karanta su ɗaya bayan ɗaya ku gwada da takardar duwan, wato kwastan, da rasidi. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar samfurin. A gefen taya kuma akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, idan an buga: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. "Sabo" da ya shekara uku a sito cikin zafin Garwa, batirinsa ya gaji, robobinsa sun fara bushewa, sai a yi ciniki a kan haka.

Ku je da sassafe, ku ɗora hannu a kan injin ku tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi. Ya kamata ya tashi bugu ɗaya ko biyu, ba hayaƙi mai shuɗi. Ku bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kunna da kanta, ta kuma mutu da kanta. Mutane ba sa haƙurin wannan gwajin, alhali a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kuna tafiyar hawainiya a cikin kunya, fankar nan ce kawai ke tsakaninku da ƙonewar gasket. Kafin ku tafi ku leƙa ƙasa inda ya tsaya, ko ɗigo ɗaya na mai ko ruwa kada ku yarda.

Gwajin ƙafa huɗu a cikin rairayi ake yin sa, ba a kan siminti ba. Ku sa 2WD ku taka, na baya kaɗai za su tona. Ku tsaya cik, ku sa 4WD, ku sa wani ya duba ko na gaba sun kama. Idan yana da makullin difaransiyal, ku sa shi: sitiyari zai yi nauyi, tayun gaba biyu su juya tare. Daga nan ku karya kan gaba ɗaya hagu, ku zagaya a hankali, sannan dama. Ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" gaɓar sandar taya ce. Ku kama kowace taya sama da ƙasa ku girgiza, kada ta yi wasa. Ku bi notuna da sifana, musamman na taya da na kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, domin da yawa a akwati suke zuwa, a nan ake ƙarasa haɗa su, kuma yaran shago ba sa ɗaurewa da ma'auni.

Tsakanin biyun, ni mai giya nake zaɓa wa mai jan tirela a laka. Ba bel da zai ƙone, ba akwatin bel da ruwa zai shiga, kuma duk bakaniken da ya iya babur zai gane cikinsa.

Mai haɗa waya, Garwa

Bakaniken Marwa ya gama da ƙarfe, bari in taɓa wuta. Abin da ke cajin batir a irin waɗannan babura ƙarami ne, wat ɗari biyu zuwa uku da 'yan kai ne a yawancinsu, shi ma sai injin yana gudu sosai. Fanka, famfon mai, fitilu da kwamfutar injin sun riga sun cinye kaso mai yawa. Ku sa mita a kan batir: injin a kashe ya nuna 12.6 ko sama, yana aiki ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ku kunna fitilu duka, ku jira fanka ta tashi, ku sake dubawa. Abin da ya rage shi ne kasonku.

Lissafin mai sauƙi ne, wat a raba da 12. Fitila mai wat 72 amfiya 6 take sha, famfon feshi kuma yakan sha 4 zuwa 8. Ɗaya daga cikinsu ba matsala. Biyun tare, kuna tafiya a hankali, batir na zubewa ba ku sani ba. Kowane abu a ja masa wayarsa daga batir, fis a kusa da kan batir, da rile wanda makulli ke kunnawa. Kada a bari yaro ya feɗe wayar fitilar kamfani ya murɗa tasa a kai ya naɗe da salatif. Nan ruwa ke shiga, nan kuma garanti ke mutuwa.

Winci mai fam 2,500, wato kusan kilo 1,130, ya ishi wannan ajin. Amma idan yana ja da gaske yakan sha fiye da amfiya 100, batirin kuwa bai wuce 14 zuwa 18Ah ba. Don haka injin na aiki ake jan sa, a ja kaɗan a huta. Kuma ga tambayar da dillali ba zai yi muku ba: me za ku ɗaura igiyar a jiki? A filin karal, inda ake dasa masakwa, sai ku waiga gabas da yamma ba itace ko ɗaya. Winci ba maƙali kaya ne kawai a gaban babur. In za ku saya, ku haɗa da turken ƙarfe da guduma. In ba haka ba, shebur da igiyar ja mai faɗi sun fi shi amfani a shekarar farko.

Dattijon Kusiri

Ban yarda a yi wa bel kuɗin goro ba. Yawanci hannun matuƙi ne ke kashe shi. Duk lokacin da akwai tirela a baya, ko ana tafiya ƙasa da kilomita 15 a awa, ko ana hawa gangare, a sa L, wato ƙaramar giya. Wanda ya ja kaya a H, wato babbar giya, zai ji warin roba, daga nan bel ya sami gurbi, babur ya riƙa fizga. Idan an ratsa ruwa ya fara zamewa, akwai murfin tsiyaya a ƙasan akwatin: a buɗe, a sa N, wato a cire giya, a ɗan ba shi wuta ya bushe. Ga mai feshi da ke tsayawa yana tashi sau ɗari a yini, mai bel ya fi sauƙin hannu.

Maganar tanki kuwa, ɗana, ka karanta lambar da aka liƙa a jikin kariya. Honda Rancher 420 kilo 30 take ɗauka a gaba, 60 a baya, tana jan 385. Yamaha Kodiak 450 kilo 40 a gaba, 80 a baya, tana jan 600. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 100 ya wuce ƙarfin kowannensu tun ba a lissafa nauyin tankin da famfonsa ba, mai lita 60 ma ya haura na Honda. Ga shi ruwa ba ya zama wuri ɗaya: rabin tanki a gefen kunya yana kaɗawa gefe guda, haka babur ke kifewa kan mai shi. Mai lita 100 a tirela ake ɗora shi. Nauyin ja kuma har da tirelar kanta a ciki, saboda haka idan ita kilo 100 ce, buhun masara mai kilo 100 biyu ne a bayan Honda, na uku ya tsallake iyaka. A jera su a kan gatarin tirela, domin ƙugiyar waɗannan biyun ba ta son abin da ya wuce kilo 14 zuwa 15 yana danna ta.

Manyan tayu ka bar wa dillali. Daga inci 24 ko 25 zuwa 27 ko 28, injin zai rasa ƙarfin tashi, bel ya ƙara zafi, sandunan taya su wahala. Kuɗin ka sa a farantin ƙasa da garkuwar robobin gaɓa, domin kututturen karan dawa da ƙayar bagaruwa su ke yage robobin, kuma da roba ta yage giris ya fita, rairayi ya shiga, gaɓa ta tafi. Sai kayan toshe huda, da ƙaramin famfo, da ma'aunin iska na ƙananan lambobi. Tayun nan wajen psi 5 suke ɗauka, kusan bar 0.35, ma'aunin mai facin bakin titi kuwa ko motsi ba ya yi a wannan lambar, sai ya dura musu ta mota. Hular kwano kuma a cikin ciniki take.

Manomin Lagdo

Allah ya saka da alheri, na fasa tayu da babban tanki. Saura biyu: man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi na kwalba, zai yi masa? Kuma yaushe zan fara ɗora masa tirela?

Bakaniken Marwa

Idan mai allura ne, ba mai kafireto ba, ƙasa da ruwan da ke cikin man kwalba famfon cikin tanki suke fara kashewa. Man gidan mai ya fi. In ya zama dole, a bar jarka ta kwanta, a zuba ta mazurari mai rariya, a bar na gindin. Tirela kuma sai bayan awa 20 na farko, an juye baƙin mai da filta, an sake bin notuna. Man ya zama na babur mai alamar JASO MA, 10W-40, domin na mota yana sa kuloci zamewa. Da hunturu ya shigo, soson filtar iska a wanke shi duk mako, ya bushe sarai, a shafa masa mansa a matse kafin a mayar.