An ce ba a ga mahaifa ba, an rubuta MRKH: me ya kamata a fara yi?

Goggon Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar. Yarinya ce 'yar shekara 17, jikinta ya cika kamar na sa'anninta, ƙirji ya fito, gashin balaga ya fito, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin al'ada ba. An ba ta maganin kawo jini har sau biyu, shiru. Da aka yi hoton mara sai aka ce ba a ga mahaifa ba, aka rubuta MRKH a takarda. Shin hoton nan kaɗai ya isa a yanke hukunci? Dole sai an yi tiyata? Maganar aure da haihuwa kuma fa? Tun ranar ta daina kula kowa.

Likitar Mata:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya mata zuciya.

Tun jaririya tana ciki, wajen mako na 6, wasu siraran bututu biyu ke fitowa, su sauko su haɗe. Daga gare su ake samun mahaifa, bakin mahaifa da sashen sama na farji. Idan suka tsaya a hanya, shi ne MRKH. Haruffan sunayen likitoci huɗu ne da suka bayyana shi tsakanin 1829 da 1961, kuma ana samunsa a kusan mace 1 cikin 4,500 zuwa 5,000. Babu wani abu da uwa ta ci ko ta aikata da aka tabbatar yana jawo shi.

Ma'ajiyar ƙwai kuwa tushenta daban, shi ya sa take nan lafiya, tana sakin ƙwai tana samar da sinadaran mata. Abin da ya sa jikinta ya cika ke nan, kuma abin da ya sa maganin kawo jini bai yi aiki ba: jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce ke zubowa, inda babu ita babu abin da zai zubo. A daina ba ta shi.

Hoton mara kaɗai bai isa ba. Mahaifar da ba ta samu isasshen sinadari ba takan ƙanƙance har mai hoto ya ce babu. A yi MRI na ƙugu, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, a auna sinadaran haihuwa FSH, LH, estrojin da testosteron a jini, in da hali a yi gwajin kromosom, wato ƙwayoyin gadon halitta. Mai MRKH 46,XX take, wato tsarin kromosom na mata. Akwai wani yanayin mai kama da shi inda kromosom ke zama 46,XY, wato tsarin maza, amma jiki ba ya jin sinadarin maza, gashin balaga kaɗan ne ko babu, kulawarsa kuma daban ce gaba ɗaya. Haka a tabbatar ba toshewa ba ce, kamar tantanin budurci marar ƙofa ko shamaki a tsakiyar farji. A can mahaifa na nan, jini ne ke taruwa a baya, da ciwon mara mai dawowa duk wata. Ina jaddada wannan domin idan aka ɗauki MRKH a matsayin toshewa aka yanka, babu rami a bayan wurin. Mafitsara ce a gaba, dubura a baya, abin da zai biyo baya shi ne yoyon fitsari ko na bayan gida.

Sai ƙoda. Kusan ɗaya cikin uku suna da bambanci a nan: ƙoda ɗaya tak, ko wadda ta zauna a ƙugu, ko biyu a manne. Dole a duba, a duba ƙashin baya, a kuma gwada ji idan akwai alama. Idan tana ciwon mara wata-wata, mai yiwuwa akwai ɗan guntun mahaifa mai shimfiɗa a ciki, yana zubar da jinin da ba shi da mafita. Ana kwantar da shi da maganin sinadari ko a cire shi ta tiyatar kyamara.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, Hajiya. Ba da tiyata ake farawa ba. Yawancinsu suna da ɗan lotsawa a ƙasan ƙofar fitsari, naman wurin kuma yana miƙewa idan ana danna shi a kai a kai. Da sandunan faɗaɗawa ake yi, masu santsi da tauri, jere daga ƙarama kamar yatsa zuwa babba. Wani likita mai suna Frank ya bayyana hanyar a 1938, kuma ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce tana yin nasara ga kashi 90 zuwa 96 cikin ɗari idan an samu koyarwa da bibiya.

Ga yadda ake yi. Ta yi fitsari tukuna, ta wanke hannu, ta kishingiɗa da matashi a baya, gwiwoyi a lanƙwashe. A ranakun farko ta riƙe madubi domin ta bambance ƙofar fitsari da ke sama da lotsawar da ke ƙasanta. Ta shafa mai santsi irin na ruwa a kan sandar, ta ɗora bakinta a lotsawar, ta nufi ƙasa da baya, wajen ƙarshen ƙashin baya. Ta danna har ta ji matsi da miƙewa, ta riƙe a haka minti 10 zuwa 30, sau ɗaya zuwa uku a rana. Riƙewar ita ce aikin, shiga da fita ba ya ƙara zurfi. Idan ta gama ta wanke sandar da sabulu da ruwan ɗumi. Sai ƙaramar ta shige ba wahala za a koma ta gaba. Watanni ake ɗauka, wata shida, wata har shekara. Zurfin santimita 6 zuwa sama ake nema, amma ma'aunin gaskiya shi ne saduwa ba tare da ciwo ba.

Inda aka fi samun matsala uku ne. Mafi muni shi ne sandar ta karkace sama ta riƙa faɗaɗa hanyar fitsari. Alamarsa zafin fitsari, jini a fitsari ko ɗigar fitsari, sai a tsaya a koma asibiti a gyara kusurwa. Na biyu ɗigon jini saboda ƙarancin mai ko saurin tsallake girma: a huta kwana ɗaya ko biyu, a koma ƙaramar, wani lokaci likita ya rubuta man estrojin. Na uku ƙanƙamewar naman ƙugu saboda tsoro, inda sandar za ta ji kamar ta daki bango. Numfashi a hankali da wanka da ruwan ɗumi kafin a fara suna taimakawa, in ya ƙi a nemi mai gashin ƙashi da ta ƙware a naman ƙugu. Ciwo mai suka ba alamar ci gaba ba ne. Kuma don Allah kada a cusa kowane irin haɗi a wurin, ƙuna da tabo yake bari, tabo kuwa ba ya miƙewa.

Goggon Yara:
Allah ya saka da alheri. Ke nan mu nemo sandunan ta fara yanzu, tun da abin na ɗaukar lokaci?

Malama Mai Shawara:
A'a Hajiya, a nan zan roƙe ki ki dakata. Yarinyar da ta daina magana ba ta shirya ba. Aikin nan ita za ta yi shi da hannunta kullum, a ɓoye, na tsawon watanni. Wadda aka tura ta yi takan bari cikin makonni, ta kuma tsani jikinta a kai. Naman wurin ba ya lalacewa don an jira, a shekara 20 ko 25 ma yana miƙewa. Abin da ba ya jira shi ne halin da zuciyarta ke ciki, domin damuwa da fargaba sun fi yawa ga masu wannan lalura, musamman a farkon jin labari.

Ta samu ganin likita ita kaɗai na 'yan mintuna, akwai tambayoyin da ba za ta yi a gabanku ba. A faɗa mata a fili cewa ita mace ce cikakkiya, domin tambayar da ke cinta ke nan ko ba ta furta ba. Sashen waje na gabanta da wuraren jin daɗi kamar na kowace mace suke. Sirrin kuma nata ne, ita za ta zaɓi wanda zai sani da lokacin. Wanda za ta aura dai ya kamata ya sani kafin a ƙulla, kuma ya fi sauƙi su je wajen likita tare. Idan ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ko ta fara cewa gara ba ta raye, a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Likitar Mata:
Na goyi bayan Malama ɗari bisa ɗari. Tiyata ta waɗanda sandar ta gagara ce. Akwai ta McIndoe da ake shimfiɗa fatar da aka ɗebo daga jikinta, da ta Vecchietti da ake jan wani ɗan ƙwallo da zare ta ciki na kusan mako guda, da ta Davydov da ake amfani da tantanin cikin ciki, da wadda ake yanko guntun hanji, ita kuma tana yawan fitar da majina. Yawancinsu sai an ci gaba da sa sanda bayan aiki, in ba haka ba wurin ya tsuke. Wadda ta yi tiyata don gudun sanda ba ta tsira daga gare ta ba.

Haihuwa kuwa, ba za ta ɗauki ciki yadda aka saba ba, kada a yi mata alkawarin da ba zai cika ba. Amma ƙwanta nata ne kuma yana aiki. Ana iya ɗebo shi a haɗa da maniyyin miji a ɗakin gwaji, wata mace ta ɗauki cikin, wanda wasu ƙasashe suka halatta wasu suka haramta, sai ta duba doka da hukuncin addininta. Akwai riƙon yaro. Akwai kuma dashen mahaifa: jariri na farko ta wannan hanya an haife shi a Gotenbag ta Suwidin a 2014, uwarsa mai MRKH ce, a 2017 kuma aka haifi ta farko daga mahaifar mamaciya a Sawo Paulo ta Barazil. Babban aiki ne da cibiyoyi kaɗan ke yi, da shan maganin rage garkuwar jiki, haihuwa ta tiyata, sannan a cire mahaifar bayan haihuwa ɗaya ko biyu. Magungunan nan suna wahalar da ƙoda, don haka mai ƙoda ɗaya ba lallai a karɓe ta ba.

Ba ta buƙatar ƙarin sinadari, kuma idan babu bakin mahaifa ba ta buƙatar gwajin sankararsa. Amma ta yi rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta saduwa, domin cututtukan saduwa suna kama ta kamar kowa. Idan kun karɓo sakamakon MRI da na jini, Hajiya, ki tambayi likita abu biyu da baki: ƙoda nawa aka gani kuma a ina, sannan akwai guntun mahaifa mai shimfiɗa ko babu.